Shafi na Sha Bakwai

Motar Yamai ta sauke ni Tawa da la'asar sakaliya.
Doso, Dutsi, Konni, na ratsa su ban ɗaga kai ba,
dosiyen Nomau bisa cinyata
kamar jinjiri mai zazzaɓi.

Yanzu sha ɗaya ta gota, an ɗauke wuta.
Na aro dutsen guga na gawayi wurin matar mai masauki,
ina bin baƙar rigata ninki-ninki,
ita da farin ƙyallen wuyan nan da ya ji jiki.

Shekara uku da wata huɗu yana kaso.
Ɗazu na gan shi.
Sai da ya tambaye ni ko albasa ta yi kuɗi bana
kafin ya tambayi makomarsa.
Tafin hannunsa ya yi laushi,
wai abin da ya fi ba shi kunya ke nan.

Takarda ta ce ya amsa laifi.
Da Faransanci ta faɗa,
harshen da bai taɓa kwana a bakinsa ba,
can ƙasa ga dangwalen babban yatsa, shuɗi,
kamar sawun ɗan akuya a taɓo.

An tsinci Alhaji Tankari a garkarsa ta Tamaske,
kwance, ƙeya a fashe, dab da simintin rijiya.
Nomau ya yi kururuwa.
Nomau aka ɗaure.

Sau tara na karanta.
Na goma, tocila a haƙora, guga a hannun dama,
shafi na sha bakwai, jandarma ya ce:
Da ka iso, me ka fara yi?
Na kashe shi.
Layin da ke biye, wanda kowa ya tsallake:
ruwa na ta malala cikin fangali.

Ban motsa ba sai da na ji ƙauri.

Inji!
Injin ban-ruwa ne ke ruri ba mai kula da shi.
Wa ke kashe mutum don ruwa ya bar zuba?
Mu fa muna kashe fitila, mu kashe kuɗi,
mu kashe ƙishirwa, mu kashe magana in ta yi tsawo.
Tafinta ya ɗauki kalma guda ya ƙetare da ita,
ta isa wancan gaɓar da jini a baki.

To amma gane gaskiya daban,
kai ta kunnen alƙali daban.
Gobe mai gabatar da ƙara zai gyara murya,
ya karanta kalmomin nan uku a hankali, ya zauna.
Matar Tankari za ta zo, ita ma an yi mata rashi,
ba ta ci bashin kowa ba.
In kuwa ni ce ke ganin abin da nake son gani?
Da safe kafin a shiga, ta tagar mota in ta kama,
zan ce: Nomau, me ka kashe?
Ba zan ɗora masa amsa a baki ba.

Na miƙe na fuskanci bango.
Ya mai shari'a.
Murya ta yi rawa. Na sake.
Ya mai shari'a, ina roƙon kotu ta buɗe shafi na sha bakwai.
Tsaka kaɗai ke saurare, ita ma ta shige bayan kalanda.

Uwarsa ta aiko jika biyu ƙulle a bakin zane
da albasa bakwai cikin leda.
Kuɗin zan mayar. Albasar na karɓa,
ga ta nan a kusurwa, ɗakin duk ya ɗauki warinta.

Guga ya bar mini tabo a hannun riga na hagu,
faɗinsa kamar dala.
In na rungume dosiye ta nan, ba mai gani.

An yi kiran assalatu.
Ƙarfe takwas za a kira sunansa,
sannan nawa.